Kabarin da Ake Nuna wa Fatake a Guangzhou

'Yan'uwa fatake masu tashi daga Ƙofar Atiku zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin, abin da ke fara tarye ku shi ne zafi mai gumi. Na Sakkwato busar da riga ya kan yi, wannan kuwa jiƙa ta ya ke yi tun ba a kai masauki ba. Mai ƙaramin guzuri, in ciniki ya lafa, jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ishe shi zaga gari, har ya ga masallacin Huaisheng da tsohuwar hasumiyarsa mai tsawon mita 36.

Daga nan a kan kai baƙo wani kabari, a ce na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, Allah ya yarda da shi. Nan mu ke jan hankali. Abin da malamai irin su Ibnu Sa'ad da Zahabi suka ruwaito shi ne, Sa'adu ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina, wajen shekara ta 55 bayan Hijira, aka ɗauko shi bisa kafaɗu aka rufe a Baƙi'a. Wurin dai maƙabartar Musulmi ce, a yi musu sallama da addu'a, amma kada ɗan'uwa ya komo gida yana shaida wa jama'a ya ziyarci Sahabi.