Likitar Da Ta Gano Abin Da Ke Kashe Bakwaini

Kowa ya san irin zullumin da akan shiga a gida idan aka haifi bakwaini. Sau da yawa jaririn yakan yi ta numfashi da ƙyar, kafin kwana uku rai ya yi halinsa. Shekara da shekaru likitoci suna ganin wannan abu, amma sun kasa gane sanadinsa. Yau za mu ba masu karatu labarin macen da ta warware matsalar, watau Likita Mary Ellen Avery ta ƙasar Amurka.

An haife ta cikin 1927 a jihar New Jersey. Ta gama koyon aikin likita a Jami'ar Johns Hopkins cikin 1952, amma ba ta daɗe da fara aiki ba sai aka ga tana da tarin fuka. Dole ta ajiye aiki ta kwanta jinya. A nan kwance ne ta riƙa tunanin yadda huhu yake aiki, har ta ƙudura a ranta cewa wannan ne ilmin da za ta bi.

Da ta warke, sai ta lura da wani abu da mutane da yawa suka gani ba su kula ba. Idan aka binciki huhun jaririn da wata cuta dabam ta kashe, akan sami kumfa a ciki, amma na bakwainin da numfashi ya gagara babu kumfa. Cikin 1959, ita da Malam Jere Mead na Jami'ar Harvard suka bayyana dalili. Ashe akwai wani ruwa mai santsi kamar na sabulu da ke shafe cikin 'yan jakunkunan iska na huhu, shi ke hana su manne wa juna sa'ad da aka fitar da numfashi. Huhun bakwaini bai nuna ba balle ya yi wannan ruwa isasshe, saboda haka kowane numfashi sai jariri ya yi kamar mai hura sabuwar salka.

Gano cuta daban, samun magani daban. Cikin 1963 ɗan Shugaba Kennedy ya rasu da wannan ciwo yana da kwana 2 a duniya. Sai cikin 1980 Likita Fujiwara na Japan ya nuna cewa ana iya zuba irin ruwan nan cikin huhun jarirai su rayu.

Cikin 1974 aka naɗa ta shugabar likitocin Asibitin Yara na Boston, ita ce mace ta fari da ta riƙe wannan muƙami. Ta rasu cikin 2011.

To, jama'a, musamman malaman makaranta, abin lura a nan shi ne, wannan babban aiki daga duban kumfa ya faro. Yaron da ya cika tambaya a aji, namiji ko mace, kada mu kashe masa gwiwa.