Dannau a Mabera, baƙin sama a Amurka

Bara, cikin zafin watan Afrilu, ƙanina ya daina kwana a ɗaki. Sai da na matsa masa sannan ya faɗi dalili: yakan farka tsakar dare, idonsa biyu amma jikinsa ya ƙi motsi, wani abu ya danne masa ƙirji, ga wata inuwa tsaye a bakin ƙofa. A gidanmu na Mabera ba a yi gardama kan sunan abin ba. Dannau ne.

Abin mamaki, Amurkawan da ke iƙirarin cewa halittun sararin samaniya sun sace su, da yawansu daga irin wannan daren labarinsu yake farawa. Iƙirarin ya bazu ne bayan labarin Betty da Barney Hill na 1961. A 2004 Richard McNally na Jami'ar Harvard ya wallafa wani bincike: aka kunna wa irin waɗannan mutane labarin nasu, ana auna bugun zuciyarsu da guminsu. Jikinsu ya razana tamkar na sojojin da yaƙi ya bar wa tabo a rai. Wannan bai tabbatar da an sace su ba, amma ya nuna firgicin ba na ƙarya ba ne.

Bayanin likitoci mai sauƙi ne. Lokacin mafarki ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓi, don kada mai barci ya aikata abin da yake gani. Idan hankali ya riga jiki farkawa, sai mafarkin ya biyo mutum cikin ɗaki, kowa kuma da fuskar da al'adarsa ta ba shi. Wani nazari na 2011 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 8 cikin ɗari na jama'a sun taɓa fuskantar hakan, a cikin ɗalibai kuwa kashi 28. Ƙarancin barci da kwanciyar rigingine suna ƙara jawo shi.

Ba ina musun samuwar aljanu ba ne, Allah ya kiyaye. Damuwata ita ce watanni biyu da yaron ya kwashe yana tsoron rufe ido, ya rame, karatu ya gagara, mu kuma muna jin kunyar ambaton asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, wai kada a ce ya haukace. Ranar da muka kai shi, tambayar farko da likita ta yi masa ita ce awa nawa yake barci. Ya ce uku, domin jarrabawa ta matso.