Yadda Ake Cire Tsatsa Daga Bindiga Ba Tare da Ɓata Launinta Ba

Maharbi da ma'aikacin gidan tarihi abokin gabarsu ɗaya ne, wato tsatsa, musamman a nan Kudu inda damina ke da tsawo, iska kuma ba ta rabuwa da laima. A wannan ɗan rubutu zan yi bayanin yadda ake cire tsatsar da ba ta riga ta ci ƙarfe ba.

Da farko ya kamata mu san cewa baƙin launin da ke jikin yawancin bindigogi ba fenti ba ne. Wata irin baƙar tsatsa ce mai shafe-shafe wadda masana'anta ke samarwa da gangan domin ta kare ƙarfen. Saboda haka duk abin da ke narkar da jar tsatsa, kamar lemun tsami ko ruwan batir, zai tafi da baƙin launin tare da ita. Haka nan samfefa, ƙarfen za ta bari fari fat, ya fi saurin tsatsa fiye da da.

Kafin komai, a tabbatar babu harsashi ko albarushi a cikinta. Daga nan sai a shafa man bindiga ko man keken ɗinki a wurin, a bar shi ya kwana. Washegari a goge da tsumma. Idan akwai saura, a samo soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, ko na tagulla, a jiƙa shi da mai, a riƙa gogawa a hankali ba tare da dannawa ba. A yawaita share wurin da tsumma mai tsabta, domin garin tsatsar da ya fito shi kansa yana karce ƙarfe.

Ita kuwa harba-ka-ruga, tokar albarushinta tana jawo laima. Don haka bayan harbi sai a wanke bututunta da ruwan zafi, a busar sosai, a shafa mai.

Tsatsar da ta yi rami aikin maƙeri ce, domin goga ba ta cike rami. A ganina rigakafi ya fi: a goge sawun yatsu, a shafa mai kaɗan, a ajiye ta a kulle a busasshen wuri, ba cikin kube na fata ba, domin fata na riƙe danshi.