Cacar wasanni ta intanet: Wa ke kwashe ribar?

A duk ƙarshen mako, idan aka soma buga wasannin gasar Firimiya ta Ingila, ɗimbin jama'a a sassa daban-daban na duniya kan zuba kuɗi a shafukan caca na intanet, da fatan hasashensu zai zo daidai.

Sai dai da yawa daga cikinsu ba su lura cewa kamfanin cacar ya riga ya cire nasa kason tun kafin alƙalin wasa ya busa usur ba.

Wannan kaso ba ya fitowa a jikin tikiti. Yana ɓoye ne a cikin alƙaluman da kamfanin ke rubutawa a gaban kowace ƙungiya, wato adadin da za a ninka kuɗin mutum da shi idan ya ci.

La'adar da ba a gani

A ɗauka mutane biyu sun yi caca kan kwabon da aka wulla sama, kowannensu ya zuba Naira 1,000, wannan ya zaɓi fuska ɗaya, wancan ya zaɓi ɗayar.

Da adalci za a bi, wanda ya ci zai karɓi Naira 2,000, wato ninki 2.00. To amma kamfanin caca zai rubuta 1.90 ne a kowane ɓangare.

Ke nan ya karɓi Naira 2,000, ya biya Naira 1,900, ya riƙe Naira 100, ko da wace fuska kwabon ya faɗi a kai. Wannan shi ne kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka zuba.

Haka lissafin yake a wasan ƙwallon ƙafa, inda sakamako uku ke iya faruwa. Idan aka bai wa mai masaukin baƙi 2.00, kunnen doki 3.40, baƙi kuma 3.80, aka mayar da kowanne zuwa kaso cikin ɗari, za a samu 50 da 29.4 da 26.3.

Jimillarsu ta kama 105.7, alhali bai kamata ta wuce 100 ba. Rarar da ke kai ita ce la'adar kamfani.

A Amurka, al'adar da aka saba ita ce mutum ya zuba dala 110 domin ya ci ribar dala 100. A wannan tsari sai ya ci fiye da kashi 52 cikin 100 na duk cacar da ya yi kafin ma ya mayar da uwar kuɗinsa.

Tikiti mai wasanni da yawa

La'adar tana ƙara tsanani ne idan aka haɗa wasanni da yawa a tikiti guda, salon da ya yi farin jini a Najeriya da Ghana da Kenya, saboda da kuɗi ƙalilan ake hangen cin makuden kuɗi.

Dalili kuwa shi ne, kason kamfani na kowane wasa yana hawa kan na wanda ya gabace shi.

Misali, mutum ya zuba Naira 100 kan wasanni 10, kowanne damar cinsa rabi da rabi ce. Damar ya dace da dukkansu ita ce ɗaya cikin 1,024, don haka biyan adalci shi ne Naira 102,400.

Amma da ninki 1.90 a kowane wasa, abin da zai karɓa bai wuce Naira 61,300 da 'yan kai ba. La'adar da ta soma da kashi 5 ta koma kusan kashi 40 cikin 100.

Akwai kuma batun maimaici. Wanda ya zuba Naira 10,000 har sau 20 ya juya Naira 200,000 ke nan, kuma kashi 5 cikin 100 na wannan adadi shi ne Naira 10,000, daidai da abin da ya fara da shi.

Kamasho da haraji

A shekara ta 2000 kamfanin Betfair ya fara aiki a Birtaniya da wani tsari na daban, inda 'yan caca ke karawa da junansu, shi kuwa kamfanin ya zama dillali.

A nan la'adar a fili take. A shekarun baya an daɗe ana cire kashi 5 cikin 100 na ribar wanda ya ci, wato fam 5 a duk fam 100.

A 2008 kamfanin ya ɓullo da wani ƙarin caji kan 'yan tsirarun da ke cin riba a kai a kai, ta yadda abin da suke biya ya kai kashi 20 cikin 100 na ribarsu. Daga baya an yi wa tsarin sauye-sauye.

Su ma gwamnatoci suna da nasu rabon. A 2001 Birtaniya ta soke harajin da ake ɗora wa kuɗin da aka zuba, ta koma karɓar kashi 15 cikin 100 na ribar kamfanoni. Ghana kuwa ta fara cire kashi 10 cikin 100 daga abin da mutum ya ci a 2023, kafin ta soke harajin a 2025.

Baya ga waɗannan, damar da ake bai wa mutum ta janye kuɗinsa kafin a tashi wasa ita ma tana ɗauke da wani ragi, yayin da kyautar maraba da ake bai wa sababbin shiga kan zo da sharaɗin sai an yi caca da ita sau da dama kafin a iya cire ta.

Wanda kuma ya ƙware har yana ci a kai a kai, kamfanoni da dama kan taƙaita yawan kuɗin da zai iya zubawa.

Matsayin doka a Najeriya

A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin cewa jihohi ne ke da hurumin tsara harkokin caca a yankunansu, ta kuma taƙaita dokar tarayya ta 2005 ga Abuja kaɗai.

Addinin Musulunci ya haramta caca, kuma a jihar Kano hukumar Hisbah ta rufe shagunan cacar wasanni da dama a shekarar 2024. Sai dai cacar da ake yi ta wayar hannu ba ta buƙatar shago.

Mutum ɗaya na iya ci yau, ko ma ya ci babban kuɗi. Amma idan aka tara dukkan masu zubawa wuri guda, abin da ake mayar musu ba ya kai abin da suka bayar, kuma daga wannan giɓin ne kamfanonin ke biyan ma'aikata, da tallace-tallace, da ɗaukar nauyin ƙungiyoyin ƙwallo.