Wa zai rubuta labarin Bagwai? Renon sababbin marubutan Wikipedia

Duk wanda ya san ƙaramar hukumar Bagwai a jihar Kano ya san madatsar ruwa ta Watari da noman ranin da ake yi a gefenta. Sai dai samun ingantaccen bayani da Hausa a kan irin waɗannan wurare ya rataya ne a wuyan 'yan sa-kai, domin kundin Wikipedia, wanda aka buɗe a 2001, ba ya biyan marubutansa ko sisi.

Shigowa ba ta da wuya, ɗorewa ce aiki. Ɗalibi yakan yi rajista da zumuɗi, ya rubuta abin da ya ji daga kakansa, ko ya kwafo shafin wani littafi. Ƙa'idar kundin kuwa tana neman madogarar da aka wallafa, tana kuma hana kwafe. Idan aka goge aikinsa ba tare da bayani ba, sai gwiwarsa ta yi sanyi ya tafi, iliminsa na garin ya tafi da shi.

Maganin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo, gardi ke zama da ƙolo yana duba masa rubutu har hannunsa ya faɗa. Haka ya kamata gogaggen marubuci ya yi: ya fara ba sabon shiga ƙaramin aiki kamar gyaran ƙa'idar rubutu, ya koya masa kafa hujja kamar yadda malaman hadisi ke kiyaye isnadi, ya yi masa gyara cikin taushin harshe a shafin tattaunawa.

Ɗaliban Bagwai da aka rena haka su ne za su bai wa garinsu haƙƙinsa a rubuce.