Kwana 1,000 na Farkon Rayuwa

Daga ranar da ciki ya shiga zuwa ranar da yaro ya cika shekara 2, kwana 1,000 ne ko kusa da haka: 270 a cikin uwa, 730 bayan haihuwa. A wannan ɗan tsakani ake aza harsashin jiki da na ƙwaƙwalwa. Jariri kan zo duniya da ƙwaƙwalwar da girmanta bai wuce rubu'in ta babban mutum ba, amma kafin ya cika shekara 3 ta kai kusan kashi 80 cikin 100. Ginin da ke tashi da irin wannan sauri, in kayan aiki suka yanke masa, gyaran baya bai cika mai da shi daidai ba.

Abinci ne kan gaba, kuma daga kwanon mai ciki yake farawa. A sanyin 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, yunwa ta auka wa yammacin ƙasar Holan. Jariran da ke cikin iyayensu mata a lokacin, da suka manyanta, sun fi sa'o'insu fama da ciwon suga da na zuciya.

Bayan haihuwa sai dakashi, nonon farko mai kauri da wasu gidaje ke matsewa su zubar, alhali shi ne rigakafin farko da jariri ke samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar shayar da nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne daga nan zuwa yaye. Kunu tsararo na cika ciki ba tare da ya gina jiki ba, sai an haɗa da gyaɗa, waken suya, ƙwai ko zogale. Ga kuma gudawa da zazzaɓin cizon sauro suna kwashe ɗan abin da ya shiga. Tamowa kowa na ganinta, don yaro kan rame ya yi laushi. Tsumburewa kuwa shiru take tafiya, a ce ai gajartar gado ce, kakansa ma haka yake.

Sai dai cikar ciki ba ta isa ba. A 1986 likita Sally Grantham-McGregor ta fara wani bincike a Kingston, babban birnin Jamaika, kan yara 129 da suka tsumbure. An ba wasu madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu sa'a guda kowane mako har shekara 2. Takan zauna da uwa da ɗa, da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida, ta nuna wa uwar yadda za ta riƙa yi wa yaro magana, tana faɗa masa sunan abin da ya taɓa, tana yaba masa in ya yi daidai. Amfanin madarar ya dusashe daga baya. Na wasan bai dusashe ba: bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa ziyarar sun fi sauran samun kuɗi da kusan kashi 25 cikin 100. Tawai da waƙar reno da hira da ɗan goye, ashe, ba ɓata lokaci ba ne.

Ta wannan ƙofa ce bambancin arziki ke shigowa tun ba a je makaranta ba. Ƙididdigar lafiya ta Najeriya ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne, a Kudu maso Gabas 18. Irin wannan yaro kan shiga aji a makare, karatu ya yi masa nauyi, ya fita da wuri, ya ƙare da sana'ar da ba ta kawo abin kirki. In mace ce, ta fi fuskantar doguwar naƙuda da haihuwar jariri marar nauyi, wanda shi ma zai fara nasa kwana 1,000 da giɓin da ya gada.