Hanyar Ɗan Makaranta Na Nesa

Da aka buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922, daga nesa almajiranta suka riƙa zuwa, daga Sakkwato da Barno da Yola har Ilori. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, amma bai taka Katsina ba. Saboda haka wanda ya sauka Kano, da sauran mil 100 da 'yan kai a gabansa. Na Barno kuwa sai sun yi kwanaki suna yada zango kafin su hangi ganuwar Kano. Hanya ke cinye musu hutu, kwana kaɗan su kan samu wurin iyayensu. To, 'yan'uwa, in ɗan nesa ya makara ran komowa, mu tambaye shi labarin hanya kafin mu ga laifinsa.